Wa Zai Buɗe Wa Likita Ƙofa? Martani Ga Mai Son A Rufe Sassan Tarihi Da Harshe

Kwanakin baya wani marubuci ya fito a shafin ra'ayi na wata jarida da shawarar da ta yi wa mutane da yawa daɗi a kunne. A ganinsa, jami'o'in gwamnati da ke Arewa su daina ɗaukar ɗalibai a sassan Tarihi, Hausa, Larabci, Falsafa, Wasan Kwaikwayo da Nazarin Zamantakewa har na tsawon shekara 10, a kwashe kuɗin a zuba a likitanci da injiniyanci da ilmin kwamfuta. Hujjarsa ita ce, yankin da mai naƙuda ke cikawa a bayan a-kori-kura kafin a kai ta asibiti, yankin da rijiyar burtsatse ke lalacewa a rasa mai gyara, ba shi da yalwar da zai zaunar da saurayi shekara huɗu yana nazarin waƙoƙin Narambaɗa. Ya kafa misali da ƙasar Sin da Koriya ta Kudu, ya ce da ƙere-ƙere suka tsira. Sannan ya rufe da hoton mai digirin tarihi zaune ƙarƙashin lema a bakin titi, yana cire wa mutane kuɗi da na'urar POS.

Zafin ransa na gaskiya ne, ƙarancin likitoci kuma ba abin musu ba ne. Sai dai malamin ya ga ciwon sarai, ya je ya ɗauko maganin wata cuta daban.

Abin da yake roƙo an daɗe da rubuta shi a takarda. Manufar ilmi ta ƙasa ta tanadi kashi 60 cikin 100 na gurabun jami'a ga kimiyya, 40 ga sauran fannoni, a jami'o'in ƙere-ƙere kuwa 80 da 20. Tun farkon shekarun 1980 aka buɗe jami'o'in ƙere-ƙere na tarayya a Bauchi da Yola da Minna domin wannan buri. Abin da ke hana gurabun kimiyya cika da yaran da suka cancanta yana can ƙasa, a sakandaren da ɗakin gwaje-gwajenta ya zama ma'ajiyar karyayyun bencina, malamin Fiziks ɗinta kuwa ɗan bautar ƙasa ne da zai haɗa jakarsa kafin shekara ta zagayo. Rufe Sashen Tarihi a Samaru ba zai sa yaron Gumel ko na Illela ya ci Fiziks a jarrabawar WAEC ba. Likitanci ma ba a wangale ƙofarsa da umarni: hukumar kula da aikin likita ce ke yanka wa kowace jami'a adadin da za ta ɗauka, gwargwadon gadajen asibitin koyarwarta da yawan malamanta. Waɗanda aka riga aka yaye fa, ina suke? Da yawansu suna Saudiyya da Ingila, kuma ba Sashen Hausa ne ya cinye albashinsu ba.

Kuɗin da ake kwaɗayin tsimewa ma bai taka kara ya karya ba. Malamin tarihi allo yake buƙata da ɗakin karatu, sai ɗan kuɗin mota zuwa Gidan Adana Takardun Tarihi na Kaduna. Albashinsa ba zai tsaya ba don an daina ba shi ɗalibai, sai in korarsa za a yi, wannan kuwa mai makalar bai yi ƙarfin halin furtawa ba.

Shi kuma mai POS ɗin, da marubucin ya ɗan ƙara tambaya, ya ji ta bakin mai sayar da kati na gefensa ko direban A Daidaita Sahun da ya sauke shi, da wataƙila ya ci karo da digirin injiniyan lantarki. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda aka buɗe a 1957, ta rufe a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Kamfanin ƙarafa na Ajakuta, da aka fara ginawa tun wajajen 1980, har yau bai zubo ƙarfen da aka gina shi dominsa ba. Wanda ya zagaya Sharaɗa da Bompai da Chalawa a Kano ya san yawan ƙofofin masana'antun da tsatsa ta cinye. Ƙasar da ta daina ƙera abu ta daina neman injiniya, zaman kashe wando kuwa ba ya tambayar tsangayar da mutum ya fito.

Amma duk wannan share fage ne. Babbar maganar ita ce wadda makalar ba ta ko leƙa ba: da yawa daga cikin manyan asarorin da Arewa ta tafka a fagen lafiya da noma cikin shekara 50 ɗin nan, da kimiyya a hannu aka tafka su. Ta zo da kuɗinta da na'urorinta, ta tarar ba ta san mutanen da ta zo dominsu ba.

Shan-inna ce shaida ta farko. Rigakafinta ɗigo biyu ne a baki, an san shi tun shekarun 1960, kyauta ake bayarwa, har gida ake kawowa. A fuskar kimiyya magana ta ƙare. Sai ga shi a 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna sun dakatar da aikin, bisa zargin an gauraya maganin da abin hana haihuwa. Kano ta yi kusan shekara guda kafin ta dawo a watan Yulin 2004, bayan an samo magani daga Indunusiya. Kafin ƙura ta lafa, yaran da cutar ke shanyewa a Nijeriya sun tashi daga kimanin 200 a 2002 zuwa sama da 1,000 a 2006. Ƙwayar ta bi matafiya ta sake ɓulla a ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har Yaman da ita kanta Indunusiyar.

Ga abin da ya kamata mai makalar ya tauna da kyau. Jagoran ƙauracewar, marigayi Dokta Ibrahim Datti Ahmad, likita ne. Gardamar manya kuma da sakamakon gwaje-gwaje aka yi ta: wannan ɗakin bincike ya ce ya ga wani abu, wancan ya ce bai gani ba, aka yi ta tura tawagogi ƙasashen waje. Magidancin da ya tsaya a zaure ya hana ma'aikata shiga bai karanta ko ɗaya daga cikin rahotannin ba. Tambayarsa daban ce, kuma ta mai hankali ce. Ɗansa ya yi zazzaɓi, ya kai shi asibiti aka ce ya sayo kati, ya sayo magani, ya sayo har safar hannu. Ƙyanda ta ratsa unguwa ta ɗebi yara, ba wanda ya leƙo. To me ya sa wannan cuta kaɗai ake biyo shi da maganinta har ƙofar gida, kyauta, sau da yawa a shekara? A bayan tambayar kuma akwai 1996, shekarar annobar sanƙarau, lokacin da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana na Kano. Yara 200 binciken ya ƙunsa, 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe su, iyaye suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi, shari'a ta ja har 2009 kafin a sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Ga yaƙin Iraƙi da aka fara a watan Maris na 2003, ana jin sa safe da yamma a rediyo. Mutumin da duk wannan ke kansa, lambobin ɗakin gwaji ba za su buɗe masa ƙofa ba.

Waɗanda suka zauna a tabarma suka saurare shi, suka rubuta maganarsa yadda hukumomi za su fahimta, masu nazarin al'umma ne. Maryam Yahya ta wallafa bincikenta a 2007. Elisha Renne, wadda ta daɗe tana aiki a Zariya, ta fitar da littafi sukutum a kan siyasar shan-inna a Arewa a 2010. An inganta shi kansa maganin a waɗannan shekaru, wannan gaskiya ne, amma babban abin da ya sauya shi ne yadda ake tunkarar gida. Daga 2006 aka riƙa haɗa rigakafin da sabulu da gidan sauro da bitamin A. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya kafa kwamitin sarakunan Arewa kan lafiya, aikin ya gangaro daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa. Aka ɗauki matan unguwa, waɗanda suka san gidan da aka haihu da ranar da za a yi suna, su ne ke wuce zauren da aka rubuta ba a shiga. Aka sa waɗanda cutar ta nakasa su bi tawaga a kan kekunansu, iyaye su gani da ido. Aka nemi malamai su yi magana da nassi. Wanda ya taɓa ganin matan nan cikin hijabi, ɗauke da akwatin ƙanƙara, wannan tana ɗiga magani, waccan tana shafa wa yaro tawada a ɗan ƙaramin yatsa, ta uku tana zana alama da alli a jikin bango, ya san rabin aikin sallama ce da gaisuwa da haƙurin sauraron gori. Wasunsu da rai suka biya, don a watan Fabrairun 2013 an harbe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano. Sai ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan-inna ta asali, shekara 17 bayan fara ƙauracewar.

Manoman ƙasar Talatar Mafara sun ga irin wannan tun kafin nan, su kuwa da jini suka gani. Madatsar ruwa ta Bakolori a kan kogin Sakkwato, wadda kamfanin Impresit na Italiya ya gina aka gama a 1978, ta cika abin da injiniya ya zana: bango ya tsaya, ruwa ya taru. Abin da lissafin bai ƙunsa ba shi ne yadda ake riƙe gona a wurin, wato wa ya gada, wa ya ara, wa ke riƙe da jingina, ta wa ce ɗorawar da ke tsakiyar gonar wani. Aka shigo da buldoza aka share gonaki don shimfiɗa magudanai, manoma suka ga damina ta wuce su ba su shuka ba, diyya ta zo a makare kuma a karkace. Suka tare hanyoyi, suka tsayar da aiki. A watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta. Alƙaluman mamata na gwamnati ba su kai mutum 30 ba, waɗanda masu bincike suka tattara sun haura 300. Da ba don malaman tarihi irin su Dokta Yusufu Bala Usman sun dage sun rubuta ba, da tuni maganar ta bi ruwa.

A ƙasan madatsar kuma wata asarar aka yi marar ƙara. Ambaliyar da ke malale fadama kowace shekara ita ke shayar da shinkafa, ta bar danshin noman rani, ta cika tafkunan masunta. Masanin labarin ƙasa W. M. Adams ya bi ƙauyukan ya auna abin da ya biyo baya: noman shinkafa ya ja baya, mutane sun koma gero da dawa, kamun kifi ya faɗi. Duk wannan ilmi ne da ke bakin dattawan ƙauyukan tun kafin a kafa fegin farko, tambaya ce kawai ba a yi ba. Masu iya tambayar kuwa suna nan a lokacin. Polly Hill ta zauna a Batagarawa ta fitar da littafinta kan tattalin arzikin ƙauyen Hausa a 1972. A Samaru, David Norman da abokan aikinsa sun nuna cewa manomin da ke cakuɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya lissafin kauce wa asara yake yi, bayan malaman gona sun yi shekaru suna ɗaukar abin a matsayin duhun kai.

Sai ƙasar Sin, wadda mai makalar ya jingina da ita. In zazzaɓin cizon sauro ya kama shi yau, maganin da za a miƙo masa a kemis, irin wanda ake sha huɗu da safe huɗu da yamma har kwana uku, daga can tushensa yake. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa wani shiri na sirri don neman maganin maleriya. A cikin shirin, Tu Youyou da tawagarta suka tattara haɗe-haɗen magani sama da 2,000 daga tsofaffin littattafai da bakin masu maganin gargajiya. Wani ganye dangin tazargade ya nuna alamar aiki, amma sakamakon ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, yau ya yi gobe ya ƙi. Abin da ya warware matsalar shi ne littafin wani malami mai suna Ge Hong, na ƙarni na 4, inda ta lura cewa jiƙa ganyen ake yi a matse, ba a ambaci dafawa ba. Ta gane zafi ke lalata sinadarin, ta koma tatsarsa a sanyaye, a 1971 gwaji ya yi kyau. A 2015 ta karɓi kyautar Nobel. Ba mai cewa tsohon littafi ya wadatar ba tare da ɗakin gwaji ba. Sai dai littafin ya shafe shekara 1,600 ana kwafarsa, ana gyara kurakuran makwafa, ana yi masa sharhi kafin ya iso teburinta, masu wannan aikin kuwa su ne irin mutanen da ake son a kulle wa ofis.

Ita Sin ɗin tun 1963 take watsa shirye-shiryen rediyo da Hausa, kuma ana karantar da Hausa a jami'ar harsunan waje ta Beijin. Ta san amfanin jin harshen wanda take ciniki da shi. Koriya ta Kudu ma ba waya da mota kaɗai take sayarwa ba. Bong Joon-ho, wanda fim ɗinsa Parasite ya lashe Oscar a 2020, Nazarin Zamantakewa ya karanta a Jami'ar Yonsei. Han Kang, da ta ci Nobel ta adabi a 2024, adabin Koriya ta karanta a wannan jami'ar, kuma gwamnati ce ke riƙe da cibiyar da ke biyan kuɗin fassara littattafan ƙasar zuwa harsunan duniya.

Arewa ma tana da nata tsofaffin littattafan, suna nan cikin gafaka. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce kan magani, har da ciwon ido da basir. Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 kan hatimin lambobi, wanda kowane layinsa ke ba da jimla ɗaya ko ta ina aka haɗa, masana tarihin lissafi suna ambatonsa har yau. Dubban irin waɗannan takardu suna Gidan Arewa a Kaduna, da cibiyar Waziri Junaidu a Sakkwato, da gidan tarihi na Jos, da sorayen gidajen malamai inda gara ke binsu. Ba ɗinkakku ba ne, waraƙa-waraƙa suke, kalma ɗaya a gindin shafi ce ke nuna wanda ke biye da shi. In suka tarwatse, sai wanda ya iya karanta hannun malaman ƙarni na 19, da Larabcinsu da ajaminsu, zai mayar da su yadda suke. Masanin haɗa magunguna da ke son gwada abin da Bello ya rubuta, dole ya bi ta ofishin wannan mutumin.

A 1963 wani babban farfesan Oxford, Hugh Trevor-Roper, ya fito fili ya ce Afirka ba ta da tarihin da za a karantar in ban da na Turawan da suka shige ta. Amsar da aka ba shi daga irin waɗannan sorayen ta fito. Murray Last ya zauna gaban Waziri Junaidu ya karanta takardun Daular Usmaniyya, littafinsa ya fito a 1967. Abdullahi Smith ya kafa Sashen Tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello, ya buɗe Gidan Arewa a 1970 a gidan Sardauna. Mahdi Adamu ya bi sawun fataken Hausa zuwa Gwanja da gaba, ya fitar da nasa a 1978. Wanda ke ganin wannan ado ne kawai, ya tuna ranar 10 ga Oktoban 2002, da Kotun Duniya ta ba Kamaru yankin Bakasi da ƙauyuka a gaɓar Tafkin Chadi, ciki har da Darak. Yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 da takardun Ingila da Faransa na 1919 zuwa 1931 su suka yanke hukuncin. A cikin gida ma, kwamitocin binciken da ake kafawa bayan rikici, daga Zangon Kataf a 1992 zuwa Jos a 2001, tambayoyin da ke gabansu ba sa canzawa: wa ya fara zama, wa ke naɗa wa, ina iyaka ta tsaya. Haka batun burtali da makiyayar da dokar Jihar Arewa ta 1965 ta keɓe. Tambayoyin nan ba sa zama ba amsa. In ƙwararre bai amsa ba, ɗan siyasa zai amsa, ko mai saƙon murya a WhatsApp.

Akwai inda mai makalar ya taɓo gaskiya, kuma malaman waɗannan sassa ba za su ji daɗin jin ta ba. Ɗalibai da yawa ba su suka zaɓi fannin ba, Lauya ko Akanta suka nema, maki bai kai ba aka jefa su Tarihi ko Hausa don kada gurbi ya tafi a banza. Suna zuwa su tarar da aji cunkushe da takardar darasi da aka yi shekaru ana maimaitawa. Kundin kammala digiri kuwa, a shagunan buga takardu na bakin ƙofar makaranta ake canza masa sunan gari da sunan ɗalibi a sake ɗaure shi da baƙin bango. Ana yaye ɗalibin Larabci da ba ya iya karanta rubutun hannu, da na Tarihi da bai taɓa buɗe fayil ɗin Di'o a Kaduna ba, da na Hausa da in aka ba shi takardar bayanin magani ya fassara sai gumi ya karyo masa. Wannan abin kunya ne. Amma a ƙetaren titi akwai ɗalibin kwamfuta da ke rubuta manhaja da biro a takardar jarrabawa, da ɗalibin injiniya da ya san injin a zane kawai, kuma ba wanda ya ce a rufe sassansu saboda haka. Kowa cewa yake a gyara.

Gyaran kuwa aiki ne da ke jiran masu yi. Ɗalibin likita da zai duba marasa lafiya a Birnin Kudu ko Gashuwa yana buƙatar wanda zai koya masa yadda tsohuwa ke kwatanta ciwo, da yadda ake neman yardar uba a yi wa ɗansa tiyata ya fahimci abin da ya sa wa hannu. Kotun majistare tana rubuta shari'a da Turanci alhali shaida da Hausa yake magana, 'yancin mutum yana rataye a harshen tafinta. Google ya sa Hausa cikin manhajar fassararsa tun 2013, amma na'ura daga rubutun mutane take koyo, kuma rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wanda zai daidaita mata wannan ɗan Sashen Harsuna ne, magajin aikin da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ta fara a 1969, wadda ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Kannywood, tun fim ɗin Turmin Danya na 1990, tana ciyar da dubban gidaje, kuma kukan da masu kallo suka fi yi a kanta raunin labari ne, don kyamarori sun daɗe da gyaruwa. Abin lura, mutumin da ya fi kowa rubutu a kan wannan masana'anta, Farfesa Abdalla Uba Adamu, daga fannin koyar da kimiyya ya fito, ya zama farfesa a can, ya sake zama farfesa a nazarin kafofin watsa labarai da al'adu. Shi bai ga katangar da mai makalar ke son a ƙara wa tsawo ba.

Shawarar ma ba sabuwa ba ce. A watan Yunin 2015 ministan ilmi na Japan, Hakubun Shimomura, ya aika wa jami'o'in gwamnati 86 takarda yana neman su rufe ko su sauya sassan adabi da zamantakewa. Cikin waɗanda suka fito suka yi tir har da Keidanren, ƙungiyar manyan kamfanonin ƙasar, wadda ta ce ba irin ma'aikatan da take nema ke nan ba. Ma'aikatar ta dawo tana cewa ba a fahimce ta ba ne.

Nijeriya kuwa ta riga ta gwada a ƙaramin mataki. Wajajen 2009 aka cire Tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare, aka narkar da shi cikin wani darasi, da hujjar cewa ɗalibai ba sa so, aiki ba ya samuwa, malamai sun yi kaɗan. Da aka dawo daga rakiyar wannan shawara, a watan Nuwamban 2022 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da horar da malaman tarihi 3,700, wato 100 daga kowace jiha da Abuja. A Kano mai ƙananan hukumomi 44, kowacce ta tashi da malami biyu da ɗoriya. A jami'a lissafin ya fi haka tsanani. Kafin a samu mai koyarwa guda sai an yi digirin farko na shekara huɗu, na biyu, sannan na uku, abin da kan haura shekara 10 ko da yajin aiki bai gitta ba. Farfesa yana ritaya a shekara 70, ɗaliban su Abdullahi Smith da Bala Usman kuwa yawancinsu sun kai ko suna dab da kaiwa. In aka kulle sassan nan shekara 10 kamar yadda malamin ya nema, ranar da aka zo buɗewa sai an aika Warso ko Hambug ko Beijin a ɗauko mai karantar da nahawun Hausa, a biya shi da dala.